Silima da Rana Tsaka: Abin da Ya Hana Yaran Kano na Da Samunta

Wata Asabar ɗana na biyu ya shigo falo ya durƙusa, ya ce, "Abba, don Allah a taimaka mana da kuɗin silima, ni da ƙannena. Ƙarfe biyu ake farawa, kafin Magariba mun dawo." Mahaifiyata tana gefe a kan darduma. Ta dakata da jan carbi, ta dube shi, ta dube ni. "Silima? Da rana tsaka? Kuma uban ake tambaya kuɗin?" Ta girgiza kai ta ce, "In da ranka ka sha kallo."

Yaron bai ga abin mamaki ba. Ni na gani, don ita ce ta taɓa shiga tsakanina da dorinar mahaifina a kan wannan kalma. Abu biyu ne suka ɗaure mata kai, ranar da neman izinin, ni kuwa na daɗe ina ganin ɗayan ne ya haifi ɗayan. Da an iya kallon silima da rana a Kanon da muka taso, da wataƙila tun tuni yaro ya iya tambayar ubansa kuɗinta.

A Ingila da Amurka akwai tsofaffi da yawa da in aka taɓo musu yarinta, silimar Asabar suke fara ambata. Matine suke ce mata, kalmar da suka aro daga Faransanci, tushenta safiya, amma ta koma nufin duk kallon da ake yi kafin dare. Daga shekarun 1930 har cikin na 1950 abin ya zama al'ada: uwa ta ba yaro 'yan kuɗi ya bi sa'o'insa, a nuna musu katun, a nuna guntun labari mai ci gaba wanda ake datsewa daidai inda jarumi ya faɗa haɗari don a dawo mako mai zuwa, sannan a sa babban fim, sau da yawa na kaboyi. Lissafin masu gidan a fili yake. Da rana kujeru a zaune suke babu kowa, haya da albashi kuwa ba sa jira, gara a sayar wa yara da araha, a kuma saba musu da hanyar. A Ingila manyan kamfanoni irin su Odeon da ABC har kulob suka buɗe wa yara na safiyar Asabar, kuma a 1951 aka kafa wata gidauniya da ba ta da aiki sai shirya finafinan yara domin irin waɗannan ranaku. A riƙe wannan shekarar, za mu sake cin karo da ita a Kano.

Abin da ya hana mu irin wannan yana sama, inda ya kamata a ce rufi yake. Yawancin gidajen silimar da muka taso muka gani fili ne aka kewaye da doguwar katanga. Ga ƙaton farin bango a gaba, ga ɗakin inji a baya, ga 'yar rumfa a kan kujeru masu tsada, sauran jama'a kuwa a kan benci, taurari a bisa kansu. Shi injin silima haske yake harbawa ta cikin fim ya faɗa kan bango, hoto 24 a kowace daƙiƙa. Duk inda ka ga baƙi a hoton, wurin da haske bai sauka ba ne kawai. To in rana ta riga ta wanke bangon da haskenta, ina za a sami baƙin? Fitilar inji komai ƙarfinta ba ta ja da ranar Kano.

Kada a ɗauka ganganci ne ya hana rufin. Wanda ya san zafin watan Afrilu a garin nan ya san abin da zai faru in aka kulle mutum ɗari biyar a ɗaki guda. Rufi yana jawo fanka, fanka tana jawo kuɗin lantarki, ga kuɗin ginin kansa. Damina kuwa wata huɗu ce ko ƙasa da haka, sauran watannin sama kyauta take. Lissafin ɗan kasuwa ne zalla, babu wanda ya zauna ya ce bari a hana yara. Amma ginin shi ya yanke lokacin. Sai rana ta faɗi, sai an yi Magariba, sai an yi Lisha, sai an ci tuwo, sannan wajen ƙarfe tara inji ya tashi. Fim ɗin Indiya kuwa ba ya gaggawa, awa uku ba komai ba ne a gare shi. Kafin a tashi dare ya raba. Bahaushe ya ce dare rigar mugu, kuma babu uban da zai sallami ɗan shekara goma ya shiga cikin wannan rigar.

Sai kuma maganar wuri. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun tsara garin gida-gida: Birni a cikin ganuwa ƙarƙashin Sarki da alkalansa, Nasarawa ta Turawa, Sabon Gari ta ma'aikatan da suka zo daga kudu, Kwarori 'yan Labanan da kantunansu, waɗanda har yau sunansu yake maƙale a Kantin Kwari, ga kuma Fagge, tsohon zangon fatake. Silima a Waje ta sauka. Rex, gidan farko da aka gina musamman dominta, an buɗe shi a 1937, kuma Kwarori ne suka riƙe wannan kasuwa shekaru masu yawa. Sunayen ma sun isa shaida a kan waɗanda aka fara yi wa ginin: Rex, Palace, Queens, Plaza, Orion, Eldorado. Wapa da yanzu ba a san ta da komai ba sai canjin Dala da Riyal, sunan gidan silima ne. Marhaba ta Farm Centre, mai suna irin namu, daga baya ta zo.

A Birni an hana giya, a Sabon Gari an ƙyale ta. Saboda haka a idon dattijon cikin gari hanyar silima ita ce hanyar gidan giya da gidan rawa da gidan mata masu zaman kansu, ko da kuwa wanda ya bi ta ba abin da ya kai shi sai kallo. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Malamai kuma suna da tasu damuwar ta daban a kan surar abu mai rai, balle wadda take motsi tana magana. Ba banza ba aka taɓa kiran abin dodon bango.

Ranar 13 ga Mayu 1951 gidan silimar El Duniya ya kama wuta, mutum 331 suka rasu. Fim ɗin wancan zamani da wani sinadari ake yin sa mai suna naitiret, wanda in ya kama wuta ruwa ma da ƙyar yake kashe shi, hayaƙinsa kuma guba ne, shi ya sa a farkon shekarun 1950 masu yin fim suka daina amfani da shi. Wannan shi ne bayanin masana. Bayanin da ya zaga gari daban ne. Ji-ta-ji-ta ta bazu cewa an nuna surar Manzon Allah (SAW) a fim ɗin, kuma duk da hukuma ta musanta, mutane da yawa sun riga sun yanke cewa azaba ce ta sauka. Shekarar da Ingila ke kafa gidauniyar finafinan yara, a shekarar Kano take binne 'yan kallo sama da ɗari uku. Mahaifina yaro ne a lokacin. Na girma kafin na fahimci cewa in ya ji kalmar silima, makara yake gani. Kuma ba a daɗe da wannan ba aka buɗe Palace a Jakara, cikin Birni, kusa da kasuwar Kurmi, abin da mutanen gari da dama suka ɗauka tamkar an shigo musu da Sabon Gari har tsakar gida.

Wani zai ce to ai majigi ma da dare ake yi, kuma babu wanda aka doka a kansa. Gaskiya ne, kuma wannan shi yake nuna cewa dare shi kaɗai bai isa bayani ba. Majigi motar gwamnati ce take kawo shi, tun zamanin Turawa har bayan mulkin kai. A kafa farin ƙyalle a filin unguwa ko ƙofar gidan hakimi, a nuna yadda ake noman gyaɗa da auduga, ko tsabtar rijiya, ko rangadin manya, a ɗan sa abin dariya, mai fassara yana bayani da Hausa ta lasifika. Kyauta ne, a unguwarku ne, da iznin mai unguwa, kawunka yana tsaye a bayanka, ana tashi kuma taku ashirin ka shige gida. Injin ɗaya ne da na silima, hasken ɗaya, amma ba a taɓa haɗa su a hukunci ba, har sunansu ma daban. Abin da ya ɓata silima haɗuwar abu huɗu ce: tsakar dare, nisa da gida, kuɗin da ba a san inda yaro ya samo ba, da taron mutanen da babu wanda ya san iyayen wani. Cikin huɗun nan, da akwai rana, da sauran ukun sun yi sauƙi.

Amma fa mun je. Duk wanda ya ce maka yaran Birni ba sa zuwa silima, ko dai bai taso a Birni ba, ko kuma ya manyanta yana kare mutuncinsa. Abin da ya buɗe mana ƙofa shi ne tsarin kwana. Yaro namiji in ya fara tasawa yakan bar ɗakin uwarsa ya koma soro ko shagon samari na ƙofar gida, inda babu mai ƙirga kawuna bayan an rufe gida. Ina ajin ƙarshe na firamare ɗan kawuna, wanda yake koyon ɗinki a Fagge, ya ga na dame shi da naci ya ce, "In ka tara kuɗinka zan kai ka, amma wallahi in aka kama ka ban san ka ba." Na ce, "Na yarda, Yaya." Mako biyu ina haɗiye yawu a gaban mai ƙosai ina ɓoye kuɗin tara.

Abin da na fi tunawa ma ba fim ɗin ba ne, ƙofar ce. Fitilun aci-bal-bal a jere, mai tsire, mai shayi, mai rake, mai gyaɗa, mai tsaron kekuna da ɗaruruwan kekuna a gabansa. A tagar tikiti babu layi sai ƙarfin kafaɗa, Yaya ya ce in riƙe aljihuna saboda 'yan sane, ya kutsa ya fito rigarsa a karkace. A ciki hayaƙin taba yana tashi yana ratsa hasken inji kamar hazo. Kuma babu shiru ko na minti ɗaya. Rabin mutanen wurin sun ga fim ɗin sau uku sau huɗu, suna faɗin magana kafin jarumi ya faɗe ta, suna gargaɗinsa cewa ga mugu nan a bayansa, in waƙa ta zo gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Fim ɗin silima a nannaɗe yake zuwa cikin gwangwanaye, kowane naɗi bai fi minti ashirin ba, mai inji yana sauyawa daga wannan inji zuwa wancan. Kafin kwafi ya iso Kano ya sha yawo, ya kakkarce, an yanke an liƙa ba adadi, don haka sai ka ga mutum yana tsaye a bakin kogi, ƙiftawa da bismillah yana cikin jirgin ƙasa. A daren nan sau biyu fim ya tsinke, bango ya yi fari fat, aka juya baya ana yi wa mai inji ruwan baƙaƙen maganganun da ban taɓa jin irinsu ba, har da waɗanda suka shafi kakanninsa. Yana gyarawa aka yi masa tafi.

Mun dawo cikin sanyin hunturu, muka shigo ta ƙofar gari karnuka suna haushi, na lallaɓa na kwanta ina ganin na sha. Da safe na shiga gaida mahaifiyata, ta ja wuyan rigata ta sansana. Warin taba. Ba ta ce komai ba, amma kafin azahar wani yaron maƙwabta da ya gan mu ya kai labari inda bai kamata ba. Mahaifina tambaya ɗaya ya yi: "Wa ya kai ka?" Na ce ni kaɗai na je. Bayan bulala ta huɗu ne ta fito ta ce, "Malam, a yi haƙuri, ba zai ƙara ba." Na ƙara, ba sau ɗaya ba.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, a cikin yara goma na unguwa bai fi ɗaya ko biyu ne suke samun shiga ba. Sauran da kunne suka yi kallonsu, kuma a nan ne nake ganin ainihin silimar yarintarmu take. Wanda ya je jiya shi ne sarki yau. A dandali, ko a bayan aji lokacin tara, za a kewaye shi ya kwashe fim ɗin tun daga rubutu har zuwa ƙarshe, yana yin kiɗan da baki, yana yin ƙarar naushi, yana faɗuwa ƙasa in bos ya faɗi. Kalmomi biyu ne ginshiƙin labarin, akta da bos, kuma kowa ya san dokar: akta ba ya mutuwa, in ma ya mutu to sai ya gama da bos. Babu mai jin Indiyanci a cikinmu, don haka maganganun da jarumi ya yi duk mai ba da labari ne yake ƙera su, da Hausar Kano tsantsa, har da karin magana. Wani abokinmu ya fi fim ɗin iya labari. Sau da yawa in daga baya ka ga fim ɗin da idonka sai ka ji kamar an rage masa gishiri. 'Yan wasan ma an raɗa musu sunaye irin na gida, Sanjay Dutt da ya zo daga baya shi ne Ɗan Daba Mai Lasin, kai ka ce a Kofar Wambai aka haife shi.

Da rana kuwa muna da namu kason. Mukan taka har ƙofar silima don kallon fasta kawai, mu tsaya muna musu a kan wane ne akta a cikin fuskokin da aka zana. Mukan tsinci guntayen fim da mai inji ya yanke ya yar, mu ɗaga su sama muna leƙa mutanen da ke ciki. Da daddare a soro a kafa farin zane, a yanka mutane da dawakai na kwali, a kunna fitila a baya, a tara ƙanne a karɓi kuɗin shiga, ko da gyaɗa ce ko ƙwallon goruba. Wanda ya yi wannan silimar kwalin kuma ya ga abin da Kano ta zama a harkar fim daga baya, ba zai yi mamaki sosai ba.

Dalilin da ya sa Indiya ta kere kaboyi da Canis a zuciyar Bahaushe an sha faɗinsa, kuma gaskiya ne. Kwarori sun fara shigo da su tun shekarun 1950, jama'a suka ga mutane masu rawani da mayafi, masu jin kunyar iyaye, ga yarinya ana son a yi mata auren dole, ga talaka yana fama da mai kuɗi. Ba ka bukatar yare kafin ka gane wannan. Har masu bege suka ɗauki karin waƙoƙin suka ɗora yabon Annabi a kai da bandiri. Canis na Bruce Lee ya ba mu tsalle da ihu da targaɗe, Indiya ta ba mu labarin da za a iya maimaitawa.

Ƙarshen mako ma a Kano kala biyu ne, abin da mai kwatanta mu da Ingila yakan manta. Makarantar boko tana hutu Asabar da Lahadi, makarantar allo tana hutu Alhamis da Juma'a. Yaron da yake zuwa duka biyun, kamar yawancinmu, ba shi da yini guda da yake nasa gaba ɗaya, Asabar ɗin da Bature ya ware wa ɗansa mu allo muke wankewa a cikinta. Daren Juma'a shi ne babban daren silima, na samari da magidanta. Lokacin da yaro yake da kuɗi a aljihu kuma aka ɗan saki igiyarsa shi ne Sallah, shi ma yawanci a kallon hawa da Gidan Zoo na Audu Bako yake ƙarewa.

'Yan'uwana mata kuwa ko ƙofar ba su taɓa gani ba. Mace ta shiga silima a wancan zamani, an gama yanke mata hukunci. Su talabijin ce ta kai musu. Gidan talabijin na tarayya ya fara aiki a Kano a 1976, gwamnatin Abubakar Rimi ta kawo tashar jiha, CTV, a farkon shekarun 1980, wadda yanzu take ɗauke da sunansa, kuma dukansu sun riƙa sa finafinan Indiya. Gidan da yake da akwati ya zama silimar unguwa: a wanke ƙafa, a zauna a ƙasa, wanda bai sami wuri ba ya maƙale a taga. A nan na ga abin da ya tsaya mini a rai. Irin fim ɗin da aka zane ni a kansa, shi ne iyayenmu mata suke kallo a tsakar gida suna share hawaye, mahaifina ya wuce su ya shiga turakarsa bai ce uffan ba. Ban ce babu masu ƙin abin da ke cikin hoton ba, akwai su, kuma suna da hujjojinsu a kan rawa da waƙa. Amma a gidaje irin namu wurin ake ƙi fiye da hoton.

Kallon rana na gaskiya bidiyo ne ya kawo shi. Ɗaki ɗaya, benci shida, akwatin talabijin a kan tebur, janareto a waje, baƙin allo a ƙofa an rubuta finafinan yau da alli. Gidan kallo yana da rufi, don haka yana da rana, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin kuɗin tara ba. Ga matine ta iso Kano, amma ta ƙofar baya. Ni a ganina ta wani fannin ya fi tsohuwar silima haɗari. Ita silima ko ba komai a fili take, mutum ɗaruruwa suna ganin juna. Gidan kallo lungu ne, babu mai duba abin da aka sa a inji, kuma buɗewarsa da rana ita ta ba yaro damar ya bar gida da kayan makaranta ya ƙare a benci. Sai ya gaji sunan da silima ta bari, ya ƙara da nasa. Da tauraron ɗan'adam ya zo yawancinsu suka koma ƙwallon Ingila da Sifaniya.

Manyan gidajen kuwa ta ko'ina aka ci su. Dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa gidajen silima cikin abin da aka keɓe wa 'yan Najeriya, amma finafinan da kayan gyaran inji daga waje suka ci gaba da zuwa, da kuɗin waje. Da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 darajar Naira ta zube, sayo sabon kwafi ya zama aiki, ga kaset yana ba mutum fim ɗin a ɗakinsa, ga tsoron 'yan daba da dare. Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda ake lissafin farkonsu daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sun ɗan farfaɗo da su, domin masu shiryawa sukan fara nunawa a silima, musamman da Sallah, kafin su saki kaset. Da aka ƙaddamar da Shari'a a 2000 gwamnatin jiha ta dakatar da harkar na ɗan lokaci, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai, aka kuma sa sharaɗin raba maza da mata. Filayen da ke tsakiyar kasuwa kuwa sun fi riba in an yanka su shaguna. Haka aka yi ta yi, har ya zama yaron yanzu yana ce wa mai adaidaita ya sauke shi a Wapa bai san sunan me yake kira ba. Tsohon zargin ma bai mutu ba. A 2016 da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen finafinai a garin Kofa, malamai suka yi ca, aka janye maganar.

Silimar da ɗana yake nufi tana cikin katafaren kantin zamani irin na Ado Bayero da aka buɗe a titin Gidan Zoo a 2014. Tana da rufi, tana da sanyi, tana da masu gadi, ana shiga da rana a fito da rana, kuma a ƙofar da ake sayen shinkafa da takalmi ake bi. Duk abin da ya hana mahaifina yarda an kawar da shi, shi ya sa ni na yarda ban ko yi dogon tunani ba. Amma da na ƙirga abin da na miƙa wa yara uku, na tikiti da na mota da na abin taɓawa, sai na tuna mai koyon ɗinkin da ya kai ni da 'yan sulallansa. Irinsa na yau ba ya shiga nan. Tsohuwar silima katangarta doguwa ce amma ƙofarta tana da faɗi, ɗan dako da ɗan kasuwa duk fim ɗaya suke kallo a dare ɗaya, bambancinsu rumfa. Yaron talaka na yanzu silimarsa a tafin hannunsa take, ya kai waya shagon masu tura finafinai a zuba masa Indiya-Hausa, inda wani ya zauna a situdiyo ya sa wa jarumi Hausar Kano a baki. Aikin da abokinmu yake yi a bayan aji kyauta, shi ne ya zama sana'a.

Sun dawo ana kiran Magariba. Bayan an yi salla na ce wa babban cikinsu ya zauna ya ba ni labarin fim ɗin tun daga farko. Ya yi jimla uku ya tsaya, ya ce, "Abba, ai ba zai faɗu ba, sai dai ka gani," ya zaro waya zai nuna mini tallansa. Kakarsa ta yafito shi da hannu. Ya matsa ya durƙusa, ta ja wuyan rigarsa ta sansana, ta sake shi.

"Gugguru," in ji ta.